Gamba Ta Rufe Gonar Malam

Daren Laraba, ƙarshen damina, shekarar samun 'yancin kai

Ƙafafuna sun yi tsami. Yau na taka har gonar maigidana marigayi Malam ta hanyar Geza, wadda na hana a noma tun rasuwarsa. Daminar farko tafasa da gasaya da lalo suka cika ta, kowa da kowa kamar kasuwar Kamba. Daga baya kyasuwa da ƙarangiya suka shigo. Yau ko ganyen miya ɗaya ban samu ba. Gamba ta fi ni tsawo, ta danne kowa, sai sabara nan da can.

Na ce wa ɗana Umaru, "Gambar nan kamar kai ce gaban tuwo, ba ta rage wa kowa."

Ya yi dariya, ya ce, "Inna, ba Baba ke cewa in gamba ta tsaya ƙasa ta huta ba? Bara rumbunmu bai kai mu shuka ba."

Ba na son fartanyar kowa ta bi kunyoyin Malam ne. To, yau na laluba da ƙafa, duk sun baje.

Gobe zan ce masa ya wasa gatari. Amma sai ya fara yanko mini gambar, zanan ɗakina ya tsufa.