Kujerar Baban Karimatu

Anti Hajjo, don Allah ki taimake ni. Na rasa wa zan gaya wa ba a yi min dariya ba, don maganar a kan kujera ce.

Maigidana ya rasu bara, 1993. Mun zo London a 1966 yana karatu. Ranar da council, wato ƙaramar hukuma, ta ba mu flat, ɗan gidan zama, a unguwar Edmonton, ko tabarma ba mu da ita, shi kuwa ya fita ya dawo rungume da kujera ɗaya tal, siririya mai hannuwan katako, wai aikin Denmark. Na yi ta faɗa, mutum biyu kujera ɗaya! Haka muka riƙa karɓa-karɓa muna dariya. A kanta na shayar da 'ya'yana uku. A kanta yake sauraron labaran gida a rediyo, har hannunta na dama ya yi baƙi saboda tafinsa. Yadin ya koɗe, ga tabon shayi, ban taɓa ganin muninta ba.

Da na gama takaba na tafi Kano wata biyu. Kafin in dawo, babbar 'yata Karimatu ta kai kujerar wurin mai gyaran tsofaffin kujeru a Deptford. Ya kankare katakon, ya shafa mai, ya sa sabon yadi kore. Ya nuna mata tambari a ƙasanta, ya ce wani gwanin tsara kujeru na Copenhagen ne ya zana ta. Ta tarye ni da murna, tana ta zuba min labarin gwanin nan da Turanci. Ni kuwa na ce mata, "Kin goge min babanki." Ta fita tana kuka. Sati uku ke nan ba ta yi phoning ba. Kujerar na lulluɓe ta da zane, na kasa kallonta.

Mai Kewa, Edmonton

Mai Kewa,

Allah ya jiƙan maigida. Ba wanda zai yi miki dariya. Kina da gaskiya, ya kamata Karimatu ta tambaye ki. Amma ki tuna ita ma uba ta rasa. Ke kina son abin ya tsaya yadda ya bar shi, ita tana tsoron ya lalace. Kuma maganar da kika faɗa mata ta yi nauyi, kin sani.

Ke za ki fara kira, yau ba gobe ba. Ki ce bakinki ya kuskure. Ku je Deptford tare, masu wannan sana'a sukan ajiye tsohon yadi, ki karɓa ki adana.

Sannan ki ba ta labarin babanta, da Hausa, ko da za ta amsa da Turanci. Ta san wanda ya zana kujerar, amma wataƙila ba ta san matashin da ya sayo ta ba. Ke kaɗai kika rage da za ki gaya mata.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya shirya tsakaninku.

Anti Hajjo