Ranar Da Baba Ya Fito A Talabijin ɗin Maman Precious

Dutse Uku, Jos.

Zuwa ga Yayana Sharafaddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rahma da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a wannan ƙasa mai nisa. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa Islamiyya.

Yaya, ka tuna ka ce in turo maka bidiyon da na ɗauki marigayi Baba yana ba da labarin zamanin haƙar kuza, don yaranka su ga kakansu? To, ranar Asabar na kunna kwamfutata laftof, fitilarta ta kama, fanka na juyawa, amma allon baƙi ƙirin. Ga shi kuma babu inda bidiyon nan yake sai cikinta. Ban gaya wa Inna ba, na ɓuya a kicin na sha kukana.

Da na share hawaye sai na kira Chukwudalu, mai gyaran kwamfuta a Kwararafa, ashe ya tafi garinsu biki. Ta waya ya sa na cire caja da batir, na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, na mayar. Shiru. Sai ya ce in danna maɓallin Caps Lock in ga ko 'yar fitilarsa za ta kama. Ta kama! Ya ce to injin na da rai, mai yiwuwa allon ne kawai, in haɗa ta da talabijin. Tamu tsohuwa ce, ba ta da ramin da ake soka wayar haɗin, sai na rungumi laftof na shiga gidan maƙwabciyarmu Maman Precious. Ta bar girkinta a wuta, ta zazzage durowa har ta samo wayar haɗin, wadda ake kira HDMI. Na soka ta. Yaya, sai ga komai ya fito tar! Ni da ita muka yi ta tsalle kamar yara.

Ihunmu ne ya jawo Inna. Ta shigo daidai lokacin da na kunna bidiyon, Baba ya bayyana da jar hularsa, yana dariya. Ta zauna a ƙasa gaban talabijin, ta ce kada wanda ya kashe, a bar Malam ya gama maganarsa. Sai da muka kalla har ƙarshe.

Chukwudalu ya dawo, ya gano siririyar wayar da ke shiga allon ce ta tsinke, ya canja ta. Na kwafe bidiyon a filashi, na kuma tura maka. Ka zaunar da yaran su gani.

Inna na gaishe ka, haka Kawu Datti da Gwaggo Talatu. Ka gaida Anti Rahma, ka shafa mini kan Zainulabideen.

Ƙanwarka,
Suwaiba