Sikelin Rinya da Kajin Gidanmu

Gidan Unggat,
Bakin Kogin Katibas, Sarawak.
14 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yayana Jimbun,

Gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa daga ƙanwarka. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can tsakiyar tekun Katar, Allah Ya tsare ka daga injinan haƙar man nan da zafin ƙasar, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Mu nan muna lafiya. Inna tana nan da bakinta, gwiwar maigidana ta yi sauƙi, matar maƙwabcinmu Ngelai ta sauka lafiya an samu mace. Shinkafa kuwa mun shuka, amma a makare, zan zo kan wannan.

Na ji saƙonka cewa in sa baki 'yarka Rinya ta tattara ta koma birni ta nemi aikin ofis. Ka ce kai ba ka gane ba, yarinya ta gama digirin dokta, an ɗauki hoto da hula, sannan a ce wai har yanzu bincike take yi a ƙauye, ko dai faɗuwa ta yi ake ɓoye maka. Yaya, ba ta faɗi ba. Aiki ne jami'a ta ba ta na shekara biyu, ta gano yadda sauyawar damina da rani ta canja abin da muke ci, da irin cututtukan da suka biyo baya. Bari in ba ka labarin yadda aka yi, sai ka yanke hukunci.

Ranar da ta sauka daga kwalekwale, duk ƙofofi ashirin da ukun dogon gidanmu, kowace ƙofa da iyalinta, sun ji cewa dokta ta zo. Kafin ta wanke ƙafa an yi layi a baranda: mai ciwon baya, mai haƙori, mai miji mai minshari. Kawu Entili ma zakaransa na faɗa ya rungumo, wai a duba masa ido. Ta yi ta bayani cewa ita ba likitar asibiti ba ce, sai Kawu ya ce to wace irin dokta ce ba allura, ashe mun yi rawar banza. Da ta fito da sikeli ta ce za ta riƙa bin ƙofa ƙofa tana auna abin da kowane gida ya dafa tana rubutawa, sai layin ya watse, kowa ya koma ƙofarsa.

Ka san mutanenmu da gudun kunya. Lemok, matar shugaban gida Unggat, ita aka fara zuwa wa. Ta ce ita ba za a rubuta ta a littafin jami'a da ganyen rogo da gishiri ba, sai ta yanka kaza biyu ta dafa a cikin gora. Washegari ta kusa da ita ta yanka uku. Kafin a kai ƙofa ta goma abin ya zama gasa, har akwai wadda ta ari kifin maƙwabciya, aka auna, ta mayar, aka sake auna shi a can. Rinya ta ce kifin nan sai da ta gane shi da fuska. Ni ma ba zan wanke kaina ba, agwagwata ta tafi a wannan yaƙi. Cikin wata guda zakaran Kawu Entili kaɗai ya rage mai cara, shi ma a ƙugunsa yake yawo da shi. Da Rinya ta aika wa babban malaminta lissafin, sai ya rubuto yana tambaya, in haka mutanen nan suke ci, me ya sa ba shi ya zo da kansa ba.

Mu muna dariya, ita kuwa na same ta a bakin kogi tana hawaye. Ta ce Goggo, duk abin da na rubuta ƙarya ne, in na kai shi haka za a ce mutanenmu ba su da matsala, alhali ga rumbuna rabi, ga hawan jini ƙofa bayan ƙofa. Gaskiyarta kuwa. Shekara uku ke nan ruwa yana sauka daidai lokacin da ya kamata mu ƙone gona, sannan ya ɗauke lokacin da shuka take neman sa. Kowa ya sani, amma wa zai ce a gidansa ne tukunya ta yi sauƙi?

Ana cikin haka ma'aikaciyar jinya da ke zuwa wurin Rinya duk wata ta gwada jinin Inna, sukari ya hau sama sosai. Inna ta rantse ita ba ta cin komai sai shinkafa da ganye, na'urar ce ta sha giyar shinkafa. Kwana biyu bayan nan Rinya tana shara ta ga jerin tururuwa yana hawa babban tulun gadon nan na kakanninmu, wanda ko taɓa shi ba a bari mu yi muna yara. Ta ɗaga murfi. Yaya, cike yake da taliyar leda, da gwangwanayen madara mai zaƙi, da biskit. Ba sai na gaya maka daga wurin wa katan-katan ɗin nan suke zuwa ba, tunda sunanka yana jikinsu. Inna da farko ta ce na kakanni ne take ajiye musu. Rinya ta tambaye ta ko kakannin ne suke buɗe gwangwani da wuƙarta.

Nan fa ran tsohuwa ya ɓaci, kuma ɓacin ran ne ya zama alheri. Ta ce ke 'yar boko, kin zo da sikelinki kina leƙen tukwanen mutane kamar kyanwa, ba ki taɓa tambaya me muka daina ci ba. Ta ce da tana samun abin da ta saba, ai ba za ta ci igiyar leda ba. Da safe ta ɗaura kwando, ta ce Rinya ta biyo ta. Kwana huɗu suna shiga daji. Ta nuna mata fadamar da ganyen miya yake fitowa a da, yanzu ambaliya ta binne ta da yashi. Ta nuna mata itatuwan da suka yi shekaru ba su yi 'ya'ya ba, shi ya sa aladun daji ma suka ƙaurace mana. Ta lissafa mata kifi goma sha bakwai da sunayensu, ta ce shida ba ta sake gani ba tun kafin a haifi Rinya. Ta gaya mata yadda ake kallon taurarin kaza da 'ya'yanta a san ranar shuka, ta ce taurarin suna nan kan alkawarinsu, ruwan ne ya zama maƙaryaci. Rinya ta cika littafi uku.

Da sauran tsofaffi suka ji, kishi ya kama su, kowa ya ce Innarmu Empiang ba ta fi shi sani ba. Yanzu kullum da hantsi ana zama a baranda ana gardama, Rinya tana rubutawa. Kuma da bakin ya buɗe, sai mata suka fara faɗin gaskiyar tukunyarsu, Lemok ce ma ta fara. Kajin da suka tsira sun samu lafiya. An kuma tono wani tsohon irin shinkafa mai jure fari a wurin wata tsohuwa can sama da kogi, mun gwada shi a gona huɗu, ya fito kore shar. Sukarin Inna ya fara sauka, ko da yake ta ce ba don maganar kowa ba ne, hawan tudu ne.

To Yaya, ka ga abin da 'yarka take yi. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, amma sai an samu yaron da zai zauna ya rubuta, in ba haka ba babban ya tafi da abinsa. Don Allah ka bar ta ta ƙarasa, ka kuma kira ta ka sa mata albarka, don maganarka ta yi mata nauyi fiye da yadda take nunawa.

Saura saƙon Inna. Rinya ta gaya mata takardar farko ta binciken za ta fito da sunaye biyu, nata da na kakarta. Tun ranar ba ta amsa kira sai an ce Malama. Ta ce in gaya maka kada ka sake turo katan, tabarau take so, mai ƙarfi. Na tuna mata ai ba ta iya karatu ba. Ta ce in rufe mata baki, shekara tamanin tana ɗauke da sunan nan, in ta gan shi za ta gane shi.

Inna tana sa maka albarka. Maigidana Sumping yana gaishe ka, haka Kawu Entili, da Ngelai da mai jego, da Unggat da Lemok. Ka gaishe mana da ɗan Goggo Sudan in kun haɗu a wurin aiki, ka ce masa uwarsa tana cigiya. Allah Ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa har kullum,
Lulong.