Ƙarin Ruwan Litinin da Alhamis

Lahadi, 6 ga Yuli 2025

Gobe za a fara. Dakta Safiya ta ce tunda na sha magungunan ciwon damuwa kala-kala ba su taɓuka komai ba, a gwada ketamin ta ƙarin ruwa. Abban Najla ya zaro ido, wai wanda ake sa mutane barci da shi a tiyata? Ta ce shi ɗin, amma kaɗan, kuma a gabansu kawai. Ta ce ba kowa yake yi wa aiki ba. Na ce to. Ko guba aka ambata, to ɗin zan ce.

Najla tana Hotoro wurin Yaya Asabe, yayar babanta, tun azumin bara. Uwar da wanka ya gagare ta, ina za ta iya da 'yar firamare. Ita nake so ta dawo. Shi ke nan.

Litinin, 7 ga Yuli

Innalillahi. Ana ɗaura min ruwan, silin ɗakin ya yi ta ja da baya. Na kalli hannuna, wallahi kamar aro na yi. Muryar nas tana fitowa kamar daga rijiya, tana cewa jinina ya ɗan hau, kar na damu. Ni da ba na cikin jikina, wace damuwa? Salati na yi ta yi. Na yi amai. Sai da na dawo daidai, jinin ya sauka, suka sallame mu.

Talata, 8 ga Yuli

Ikon Allah!

An yi ruwa da hantsi, na ji ƙamshin ƙasa. Na JI shi. Na fita baranda, ga darbejiyoyin layinmu shar da su, ruwa na ɗiga. Ashe duk tsawon lokacin nan suna nan tsaye? Abin da ke danne min ƙirji ya ɗaga, kamar an sauke min tulu daga ka. Kwana ɗaya tal! Na ce a dafa garau-garau, na cinye, na nemi ƙarin yaji. Abban Najla ya tsaya yana kallona, ya kasa cin nasa.

Wanda Ya ɓoye wannan a cikin maganin tiyata, tsarki ya tabbata gare Shi. Har tsoro abin ya ba ni.

Alhamis, 24 ga Yuli

An gama zagayen farko. Har yanzu ina tsanar jirin nan.

Yaya Asabe ta zo. Wai ta ji 'yan shaye-shaye ma suna neman maganin nan, kar a cire ni daga wani ciwo a jefa ni wani. Ban ga laifinta ba, ni ma na tambaya. Ta ce in na warke sarai za ta kawo Najla. Sarai.

Laraba, 6 ga Agusta

Nauyin ƙirjin ya dawo.

Litinin, 11 ga Agusta

Dakta ta ce ya jiki, na ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Ta ajiye biro. "Muhibba, ba gaishe ki nake yi ba, tambayar ki nake."

To me ake cewa? Haka muka tashi, mara lafiya ko numfashi yake ja da kyar, da sauƙi zai ce, kar ya zama marar godiya. Likitan farko ma haka na riƙa amsa masa, shi kuma bawan Allah ya yi ta sabunta min maganin da ba ya aiki. Kuma in na faɗa, Abban Najla na zaune, Hotoro za ta ji.

Na ce babu sauƙi, tun Laraba ina kwance.

Ko gezau. Ta ce an san yana dawowa, shi ya sa ake bibiya. Ta tambayi fitsari, ko da zafi, ta tambaya ko ina jin kwaɗayin maganin. Za a ƙara min jefi-jefi, na ci gaba da maganin sha da zaman tattaunawa.

Lahadi, 17 ga Agusta

Nauyin ya sake ɗagawa tun ƙarin ruwan Alhamis, ba kamar na farko ba, amma ya ɗaga. Mamakin bai sake ni ba.

Yaya Asabe ta kira, ya jiki. Na ce Yaya, yau da dama, makon jiya babu, kuma ban san na gaba ba. Sarai ɗin nan mai yiwuwa ba zai zo ba. Can ta ce, "Ikon Allah, yau na ji sabuwar amsar gaisuwa." Ta kashe wayar. Na ce shi ke nan, na kashe kaina da bakina. Na sha kuka.

Asabar, 23 ga Agusta

Yaya ta kawo Najla. Da jakar kaya, wai ta yi hutu a nan, a gani. Ta ce gara wadda za ta faɗa in ta kasa.

Najla ta yi tsawo. Da farko a bakin kujera ta zauna kamar baƙuwa. Kanta duk ya tsufa, na zaunar da ita na tsefe, na yi mata shuku. Hannuna ya manta, kitson ya fito a karkace, tana ta "Umma da zafi, Umma kin ja." Na ce yi haƙuri, mako mai zuwa zan sake miki mai kyau.

Ba wai na warke ba. Maganar mako mai zuwan ce kawai ta fito, ni da na daɗe ban lissafa gobe ba.

Sai na sayo sabuwar kibiya kafin nan, wannan bakinta ya mutu.