Kwallin da Kike Sa Mini Kafin Lakwal

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya ke durƙusawa ta yi wa uwa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce ɗiyarki ta fari, mai awon hatsi a kasuwar Matameye. Masu karanta ni a waya sun saba jin ina tsokanar dillalai. Yau sai su yi haƙuri su tsaya daga bayana, da uwata nake magana.

Inna, tsoro nake ji. Jikarki ta faɗi a lakwal, makarantar bokonsu. Babbar nake nufi, kin san ba zan kama sunan ba. Yau kwana goma sha uku. Suna tsaye a layi ana ɗaga tuta, sai ta sulale ƙasa kamar zanen da ya kuɓuce daga igiya. Mushensu, malamin ajinsu, ya aiko mini da mai kabu-kabu har rumfa. Na bar buhu a buɗe, ban ma tuna da takalmi ba.

A likita, majo mai duba marasa lafiya ya tambayi sunan yarinya. Wallahi Inna, tana kwance gabana, amma sai na dubi mushe, shi ya faɗa. Majo ya sa yatsa ya ja fatar idonta ƙasa, ya ce in matso in gani. Fari fat, kamar cikin rogo. Ya ce jininta ya yi ƙasa sosai. Ya tambaye ni me take ci da safe. Ni da bakina bai taɓa mutuwa a kasuwa ba, sai na tsaya ina gyaran mayafi.

Ya ba mu jajayen ƙwayoyi, ya ce a gyara abinci, mu koma bayan sati biyu a sake awo. In jinin bai tashi ba, sai babbar likitar Damagaram, a ƙara mata jini, a kuma nemi abin da ke shanye shi. Gobe ne, Inna.

A ɗakin nan na tuna da ke. Kullum kafin in tafi lakwal sai kin sa mini kwalli. Ba ki taɓa kiran sunana ba, ba kya duban fuskata gaban mutane, sai dai ki ce, "Ke waccan, zo nan, kar ki fita da ido kamar na akuya." Ki ja fatar idona ƙasa, ki daɗe kina kallo kafin ki shafa. Wata rana kuma in kin gama, sai in ga ƙwai a cikin ɗumamena, ko a aika wajen mahauci a sayo hanta. Shekara talatin ina zaton kwalliya kike mini. Sai da na ga yatsan majo na gane. Ke ma awo kike, tiyarki ce dai ba irin tawa ba.

Na gaji kunyarki ta ɗan fari, ban gaji dabararki ba.

Bari in faɗa miki yadda safiyarmu take, tun da ba a ɓoye wa uwa. Amalanken Yauri da na Ɗan Barto da sassafe suke shigowa, wanda ya makara sai ya sayi ragowa a hannun dillali. Ana sallame sallah nake fita. In bar musu shayi a buta da burodi, ko gari da sukari a kwano guda, su uku, ita da ƙannenta Balki da Zali. Babansu yana Kano tun da aka gama girbi. Ita ke rabo, ita ke wanke su, ita ke shara. Sai bayan ta faɗi Balki ta gaya mini cewa yaya ba ta ci, sai dai ta ce ta ƙoshi, ta sha ruwa ta ɗauki jaka. In na dawo na ga kwano wayam sai in ce madalla. Ai kwano ba ya faɗin wanda ya lashe shi.

Ni fa, Inna. Ni da ke gane tiyar da aka buga wa gindi daga rumfa uku. In na damƙi gero na san ko an yayyafa masa ruwa. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Nawa ya san ƙimar buhun kowa a garin nan, sai ta yarinyar da ke kwana ɗaki ɗaya da ni. Ba na kallonta tana ci, don kar a ce ina rawar kai da ɗiyar fari. Ta fara girma ma, maƙwabciyata Hajiya Zuwaira ta riga ni sani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne alli. Kullum allinta na ƙarewa, kullum ina faɗa, ina cewa ko sayar da shi take. Ran da muka dawo na zazzage jakarta, na tarar da guntaye duk da sawun haƙora. Ci take yi. Majo ya ce haka masu ƙarancin jini ke yi, wasu har ƙasa suke ci. Gidan mai hatsi, Inna, yarinya na cin alli.

Yanzu na canja hannu. Ranar Lahadi ina soya gero da wake da gyaɗa, in kai inji a niƙa, in zuba a roba mai murfi. Da safe kafin ruwa ya gama tafasa na dama, kunu ya haɗu, in tsiyaya ruwan tsamiya. Zogalen bayan ɗakinki da na so sarewa bara, shi ke rufa mini asiri: in dafa da yamma, da safe a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da tumatir. Wata rana ɗumame da miyar kuka, wata rana ƙosai ko awara. Ƙwai ina jefa shi cikin tukunyar ruwan, ba ya neman wata wuta daban. Ran kasuwa ina tsayawa kan mahauci sai ya yanko mini hanta mai kyau, ya san bakina. Shayi na ɗaga shi daga lokacin abinci, majo ya ce yana hana jiki ɗaukar abin da ke gina jini. Duk aikin bai kai cinikin buhu guda tsawo ba. Wannan ne ke ƙona ni.

Kwano uku nake rabawa yanzu, kowa da nata. Amalanke su wuce, dillalai su ci kasuwarsu. Ina zama in ga ta ci. Sai dai ba ta iya haɗiya in ina kallonta, ba ta saba ba. Ta sunkuyar da kai tana juya ludayi kamar baƙuwa. Matan unguwa har sun fara cewa na zama nasara. Su ce.

Kina cewa, "Wanda ya fita da ciki wofi, hanya ce ke cin shi." Ina dariya lokacin, ina cewa maganar tsofaffi. Yanzu in na ji kabu-kabu ya tsaya bakin rumfa sai tiya ta faɗi daga hannuna. Babanta na gaya masa jiri ne kawai. Ban san me zan ce masa ba in gobe aka ce Damagaram. Ina tsoron a ce ba abinci ba ne, wani abu ne daban. Ina kuma tsoron a ce abinci ne kawai, don a nan ba ni da wanda zan nuna da yatsa.

Jiya na sayi kwalli wajen mai koli, har da tandu irin naki. Yau da safe na ce, ke waccan, zo nan. Na ja fatar idon. Na ga kamar ja-ja ya fara, amma idon mai tsoro ba a awo da shi. Garin shafawa har na ɓata mata gira. Ta ɗago ta dube ni, ta yi ɗan murmushi. Na buɗe baki in kira ta, kunya ta hana ni kama sunan. Ta ɗauki jaka ta fita.

Don haka zan gwada a nan, gabanki, ki yafe mini rashin kunyar.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da kowace safiya da kika duba idona ba ki faɗa ba. Allah ka ga halina. Ka mayar wa Sa'adatu jininta. Ka bar mini Sa'adatu. Amin.

Na rubuta, hannuna bai karye ba. Gobe in majo ya tambayi sunan yarinya, ba zan dubi kowa ba.

Taki har kullum,
Waccan