Ganga a Gonar Hamani

Allakaye, 16 ga Yuni 1975

Zuwa ga ƙanena Isufu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina matata Altine, ina yara, su Ruth? Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwa da ya ƙi rabuwa da ni. Malamin makarantar boko, Mushe Surajo kamar yadda ake kiransa da Faransanci, shi ke rubuta mini. In ka ji magana ta yi laushi, shi ya tausasa ta, ba ni ba.

Ruwa ya sauka, ni da 'ya'yana mun shuka gonar Baba ta gindin gawo da sunanka. Ka san shekara shida ke nan tana aro a hannun maƙwabcinmu Hamani, tun rasuwar Baba. Na ce masa bana za mu karɓi abinmu, ya ce to. Amma tun da aka ji a rediyo gwamnatin soja ta ce gona ta mai nomanta ce, 'ya'yansa suka fara kiranta gonarsu, har suka kai magana gun maigari. Maigari ya ce shukar macen da ke aure a wani gida ba ta tsai da gona. Sai an ga mai ita da hauya a hannu ranar noman farko, a gaban shaidu. In ba a gan ka ba, Hamani ya nome, ta zama tasa.

Kada hankalinka ya tashi, na gama komai. Samariya, ƙungiyar samarin gari, za ta yi maka gayya. Da yake ka taɓa gaya mini Lahadi kaɗai kake hutawa a asibitin mishan, sarkin samari ya sa ta Lahadi, 13 ga Yuli, don girmama ka. Ya ce ranarku ce, sai ku yi ibadarku da sassafe ka hau mota. Ɗantala makaɗi ya riga ya sake wa gangarsa fata. Ka ga yadda garinku ke sonka, kai da ka tafi shekara ashirin ka canza suna.

Ka zo da hannunka kawai, hauyar Baba tana nan a rataye.

Yayarka,
Indo

*

Asibitin Mishan, ƙasar Madawa, 23 ga Yuni 1975

Zuwa ga Yaya Indo, wadda nake girmamawa,

Alheri da salamar Ubangiji su tabbata a gare ki da gidanki. Wasiƙarki ta iso Asabar. Ban amsa jiya ba don jiya Lahadi ce, ba na riƙe alƙalami a cikinta.

Yaya, na karanta ina murna, na ƙare ina hawaye. Ki yi wa sarkin samari godiya, ban cancanci wannan karamci ba. Amma ba zan iya zuwa ba. Lahadi a wurinmu ba ranar hutun ma'aikata ba ce kawai, ranar Ubangiji ce daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Ba na ɗaukar hauya, ba na kuma yarda a ɗauka domina. Yadda ba zan sa Ruth daka a ranar ba, haka ba zan sa mutum arba'in noma ba.

Akwai kuma ganga. Mu da muka ba da gaskiya a ƙasar nan mun bar ta tun farko, domin mun san inda take kai mutum. Ni dattijo ne a ikilisiya, na sha tsawata wa matasa a kanta. Samariya ma, ki gafarce ni, yanzu hannun gwamnati ce, da tutarta da jawabanta. Muna yi wa masu mulki addu'a kowane mako, muna yi musu biyayya, amma ba ma shiga taronsu, ba ma kai maƙwabci ƙara. In hukuma ta ce gona ta mai nomanta ce, na sunkuyar da kai.

Hutuna na shekara sai kaka, ɗakin maza kuwa cike yake da marasa lafiya. Ba ni da wata rana.

Kada ki zaci abin bai yi mini zafi ba. A gindin gawon nan Baba ya fara ɗora hannuna a kan hauya, ina iya nuna miki saiwar da na zauna a kai. Amma in na sami gonar ta wannan hanya, ba zan iya haɗiye tuwonta ba.

Ki gaida maigari da Mushe Surajo.

Ƙanenki cikin ladabi,
Ishaya

*

Allakaye, 28 ga Yuni 1975

Isufu,

Na gaishe ka, don uwa ɗaya ta haife mu. Mushe ya so ya ƙara wata gaisuwar, na hana shi.

Ka ja mini kunya. Da wasiƙarka ta zo, don doki ban jira an kai ni gefe ba. Na tare Mushe a ƙofar maigari na ce ya karanta da ƙarfi, kowa ya ji ranar da ƙanena zai zo. Ya fara, ya so ya tsaya, na ce ya ci gaba. Haka aka ji ta tun daga salama har sa hannu, da maigari, da sarkin samari, da Hamani da 'ya'yansa. Ɗantala ya ce, "Ni gangata ina taka kai mutum in ba ƙarshen kunyar gona ba?" Aka yi ta dariya. 'Ya'yan Hamani suka tashi suna taɓa juna. Tsohon dai ya zauna yana duban ƙasa.

Mu ma muna da Juma'a, Isufu. Mukan yi salla mu koma gona, ba mu ga gero ya ƙi tsiro ba. Tun kana yaro haka kake, in ka ce a'a sai dai a gaji a bar ka. Na ɗauka addini zai sassauta ka, ashe ƙara maka ƙarfi ya yi.

Geron ya fito, kore shar, ciyawa na bin sa. Jiya na je na tsaya a bakin gonar na yi kukana na dawo. Ba na faɗa maka don ka ji tausayina ba, na faɗa ne don ka sani.

Indo

*

Asibitin Mishan, 2 ga Yuli 1975

Zuwa ga Yaya Indo,

Gaisuwar ƙauna daga matarku Altine. Ina gajiyar shuka, ina gwiwa? Maigidan bai san na rubuto ba, direban motar kasuwa zan ba.

Yaya, mutuminki ba ya cin abinci. Ya sa hannu a tuwo sau biyu ya ce ya ƙoshi. Shekaranjiya na same shi a bayan ɗaki yana cire ciyawa da hannu a 'yar shukar kuɓewata, wadda bai taɓa kallo ba.

Ni ma ba zan ce masa ya karya Lahadi ba, a kan wannan bakinmu ɗaya. Amma mako kwana bakwai ne. Na je gun abokin aikinsa Toma na zayyana masa. Toma ya yarda ya riƙe masa ɗakin maza ranar Asabar, 12 ga wata. Da maganar ta shiga zumuntar mata, kafin yamma mutum goma sha ɗaya na ikilisiya sun ce za su bi mu da hauyoyinsu.

Da na gaya masa, fuskarsa ta yi haske, sannan ta sake rufewa. Ya ce da wane baki zai roƙi mutanen da ya mayar wa karamcinsu su sake rana? Kuma ganga da tuta suna nan. Ya ce a bar maganar.

Ni ban bar ta ba. Yaya, ke kika san garinku. In akwai ƙofa, ki taɓa ta.

Matarku,
Altine

*

Allakaye, 7 ga Yuli 1975

Zuwa ga ƙanena Isufu da matata Altine,

Gaisuwa cike da ƙwarya. Yau na ce wa Mushe ya zuba duk wadda ya iya. Altine, asirinki ya tonu, amma Allah ya yi miki albarka.

Ban taɓa ƙofar kowa ba, tawa aka taɓa. Ran Alhamis da hantsi ina tankaɗe sai ga sallamar Hamani. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Indo, kin tuna shekarar da ƙaya ta ruɓar min da ƙafa, anka kai ni asibitinsu? Sati ukku ni yi, ba ni da mai jinya. Ran Lahadi ba aikin ƙanenki ba ne, amma da sun taso daga sujada shi ka zuwa da rigatai fara, shi durƙusa shi wanke min gyambo. Na ce mishi, ba kun ce ba ku aiki yau ba? Ya ce wanga ba aiki ba ne. To mutumin da ba shi ɗaukar hauya don kainai ran Lahadi amma shi ɗauki ƙafata, ni ba ni cin gonatai don Lahadi."

Isufu, ba ka taɓa gaya mini wannan ba.

Wasiƙar Altine na zuwa na kai masa. Da kansa ya je gun sarkin samari, aka mai da gayya Asabar. Tuta za ta kwana a ɗaki, ba jawabi. Samarin sun ce ranar su ba samariya ba ne, 'ya'yan maƙwabta ne.

Ganga ce ta so ta ɓata. Ɗantala ya rantse gayya ba kiɗa zaman makoki ce, samari kuma suka ce hannunsu ba ya tashi sai da ita. Sai Hamani ya ce, "Gonata tana gab da ta Isufu. Ɗantala shi tsaya cikin tawa. Ni ban hana kiɗa ba a gonata." Maigari ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

To, dattijon ikilisiya, a gonarka ba za a buga ko gwangwani ba. Abin da maƙwabci ya yi a tasa kuwa, kai ka ce ba ka kai maƙwabci ƙara.

Na jiƙa geron fura. Sai Asabar.

Yayarku,
Indo

*

Asibitin Mishan, 15 ga Yuli 1975

Zuwa ga Yayata Indo,

Salama da godiya. Mun iso gida Asabar kafin rana ta faɗi, kowa lafiya. Ki gafarta rubutun, tafin hannuna duk ƙuraje ne. Toma ya ɗaure mini su yana dariya, wai yau mai jinya ya zama majinyaci.

Yaya, ban san yadda zan faɗa ba. Da muka sauka daga mota na hangi mutane jere a bakin gonar, Hamani a gaba riƙe da hauyar Baba, sai na ja na tsaya. Ya miƙo mini ita ya ce, "Maigari, ka shaida." 'Ya'yansa biyu, waɗanda na zaci ba za su dube ni ba, su suka sa ni tsakiya. Duk inda na bar ciyawa, sai na ga an share ta a bayana, ba wanda ya ce komai.

Ɗantala ya cika alkawari, yatsansa bai ƙetare iyaka ba. Amma da mutanenmu suka ɗauki waƙar yabo don su ji ƙarfin aiki, ya karkata kunne, kafin baiti na biyu gangarsa ta bi mu. Ban sa shi ba, ban kuma iya hana shi ba, yana cikin gonar mutane. Jiya na tsaya gaban dattawa na faɗi gaskiya, cewa hauyata ta riƙa sauka daidai da kiɗan, kuma raina bai ɓaci ba. Fasto ya ce za a duba maganar. Na lura yana cije leɓe kamar mai danne dariya.

Ra'ayina a kan ganga yana nan, kada ki yi saurin murna. Amma shekara ashirin ina zaton na tsaya ni kaɗai a kan abin da na gaskata, garinmu yana can gefe yana jin haushina. Ranar Asabar na ga gari guda ya matsa don in sami wurin tsayawa. Wannan ya fi gonar girma a wurina.

Ki gaya wa Hamani, gefen kwari da ya sha wahalar zuba wa taki shekara shida, ya ci gaba da noma shi. Na faɗa wa maigari, kada ya yi gardama.

Altine na gaisuwa. Na yi niyyar yi mata faɗa a kan wasiƙar ɓoye, na ga ba ni da baki.

Ƙanenki,
Isufu na gindin gawo

*

Allakaye, 22 ga Satumba 1975

Zuwa ga ƙanena Ishaya,

Gaisuwa. Mushe ya tambaye ni ko ya ji sunan daidai, na ce ya rubuta yadda na faɗa.

Gero ya nuna, kansa ya fi damtsena kauri. Inda ka nome da hannunka ne kaɗai ya ɗan karkace, kowa ya wuce sai ya nuna. Hamani ya yi gardamar kwarin nan, maigari ya kashe ta.

Ɗantala ya dame ni da waƙarku, kiɗan ya zauna masa amma ba shi da baitin. Ka zo masa da shi.

An sa ranar girbi. Ban ce musu komai ba, da kansu suka ce Asabar.

Yayarka,
Indo