Ringgit Goma Sha Biyar Na Bapak

Parit Sarpan, Batu Pahat
3 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Suriani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya majinyatanku? Ni dai lafiyata ƙalau, in ban da abin da kika yi mini.

Kada ki wahalar da kanki da kira, na kashe wayar na jefa ta a durowa. Na san halinki, kafin in kai aya kin katse ni da "Bapak, saurara mana." Yau ke za ki saurara.

Shekaranjiya muna zaune a rumfar kofi ta bakin gada sai ga Haji Misran yana kumfar baki, wai banki ya yanke gyaran da yake mayar wa mutum in ya biya abu da kati. Wai biyar cikin ɗari ta zama tarihi, yanzu ko jirgin sama ka saya gyaranka ba zai wuce ringgit goma sha biyar a wata ba. Na yi dariya na ce, "Haji, naka dai aka yanke. Nawa ɗari da ashirin ne cif, kowane wata, shekara shida ke nan." Ya ce, "Wak Tukiman, ko dai aljani ne manajan bankinka?" Aka bushe da dariya. Zuciya ta ɗebe ni, na ce ya hau bayan babur mu je ya gani da idonsa.

Muka je. Yarinyar da ke kan kanta ta buga takarda ta miƙo mini, ta ce cikin girmamawa, "Pakcik, ai tun Janairun bara aka canza, mun aika saƙo ta waya." Sai ta ɗora yatsa tana nuna mini. Kowane wata biya biyu ake yi: nawa da nake zubawa a na'ura, sai wani ringgit ɗari da biyar daga Suriani binti Tukiman. Haji Misran ya gyara tabarau ya karanta ta saman kafaɗata. Kin san abin da ya ce? "Ashe aljanin a Singapore yake aiki." Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Da banki ya daina aiko takarda gida na amince miki, na ce ki riƙa dubawa a wayarki kina gaya mini nawa zan biya. Wata ashirin kina cewa, "Bapak, gyara ɗari da ashirin, cire abinka ka zuba saura." Wata ashirin kina yi mini ƙarya ba ko tuntuɓen harshe.

Kin san yadda nake samun kuɗin nan. Gida goma sha ɗaya ke kawo mini takardar wuta da ta ruwa tare da kuɗinsu, ni nake hawa babur cikin rana da ruwan sama in je gari in biya da katina. Kin kuma san inda yake tafiya: manyan faranti huɗu na nasi ambeng, shinkafar nan da kaza, a masallaci, Juma'ar farkon kowane wata, sadaka ga mahaifiyarki. Ina tsayawa gaban mutane ina cewa daga gumina ne da ɗan wayona, ban roƙi kowa ba. Ashe ni almara nake yi, 'yata ce ke ciyar da ni a ɓoye kamar wani gajiyayye.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Na lissafa, dubu biyu da ɗari ɗaya ne. Zan sayar da babur in biya ki. Abincin Juma'a kuma na tsayar.

Wassalam.
Mahaifinki,
Tukiman bin Marjo

Singapore
9 ga Satumba

Zuwa ga mahaifina, Bapak,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ka da ladabi. Ya ƙafar taka? Allah ya sa kana shan maganin hawan jinin, don na san in ranka ya ɓaci shi kake fara yi wa yaji.

Na karanta wasiƙarka sau uku. Ɓarawo, Bapak? Ni ban taɓa jin ɓarawon da ke zura hannu a aljihun mai kaya yana zuba masa kuɗi ba, sai a kaina.

E, na yi ƙarya. Ba zan ce ban yi ba. Ranar da saƙon banki ya shigo wayata na zauna a ɗakin canza kaya na karanta, har da godiyarsu wai sun "inganta" katin don jin daɗin abokan hulɗa. Allah ya isa tsakanina da su, shekara da shekaru suna jan mutane da zuma, da aka saba sai suka ɗauke kwanon. Na ɗauki waya zan gaya maka, sai na tuna da kai tsaye a ƙofar masallaci kana nuna wa mutane inda za su zauna, kana cewa a yi wa matarka Saodah addu'a. Na san in na faɗa maka abincin ya mutu, don ba za ka karɓi ko sen ɗaya daga hannuna ba.

Ko za ka karɓa? Na aiko kuɗin gyaran rufi, ka mayar. Na aiko na tabarau, ka mayar. Na aiko na jana'izar Mak, mahaifiyata, ka mayar, har da rubutu a bayan ambulan wai kuɗin Singapore ba sa wanke gawa. Ina da ambulan ɗin har yanzu.

To ta wace ƙofa kake so in shiga? Ka toshe ta gaba, ka toshe ta baya, na sami 'yar taga na shiga, shi ne na zama ɓarauniya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk wasiƙarka Haji Misran ne a ciki. Haji Misran ya ce, Haji Misran ya karanta. Mutumin da har yau bai mayar mana da injin yanke ciyawa ba! Saboda dariyarsa za ka hana mutum talatin abinci, ka hana Mak addu'a?

Kada ka sayar da babur. Da me za ka je asibiti, da jemammiyar gwiwar nan? In ka aiko mini da kuɗin zan mayar maka, a wurinka na koya.

Ka huta lafiya.
'Yarka,
Suriani

Parit Sarpan
16 ga Satumba

Suriani,

Salam. Na ga wasiƙarki. Baki dai kin iya shi, ban yi mamaki ba.

Sadakar da aka yi da kuɗin da ban san da su ba, ba tawa ba ce. Wata ashirin ban yi wa matata komai ba, wannan shi ne abin da kika ƙwace mini, kuma ba ki da abin biya.

Dillali zai zo ya ga babur ranar Asabar. Katin kuma zan je in rufe shi, su riƙe sha biyar ɗinsu su sayi goro.

Tukiman

Parit Sarpan
6 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Ani,

Assalamu alaikum, gaisuwa mai yawa. Mak Su ce, ƙanwar mahaifinki. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna ya fi sabawa da ludayi.

Ke da ubanki kun ishe ni! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan kamar an tsaga kara. Ni ce nake dafa nasi ambeng ɗin nan shekara shida, ina da bakin magana.

Na Satumba an yi don na riga na sayi kaya, amma Juma'ar da ta wuce ba a yi abinci ba. An sallame salla, mutane suka zazzauna a baranda kamar yadda suka saba, kowa yana kallon hanya. Babu wanda ya gaya musu. Ladan ya tambayi ubanki, "Wak, yau Mak Su ta makara ne?" Ubanki ya sa takalmi ya fita ta ƙofar baya, takalmin ma na wani ya saka, sai da yamma aka zo aka karɓa.

Babur yana nan. Dillali ya taya ɗari tara, ubanki ya kore shi har bakin titi yana cewa ko madubin bai saya ba.

Katin ma yana nan. Ranar da ya shirya zuwa banki ya rufe shi, ya sa hula ya fito, sai ga Nek Painem a ƙofa da sandarta, ta ƙunso takardar wuta da kuɗinta a gefen zane. Kin san ta, ta haura tamanin, 'ya'yanta duk suna Kuala Lumpur. Ya ce mata, "Nek, na daina wannan aikin, banki ya cinye gyaran." Ta ce, "Wane gyara kuma? Ni dai kada a yanke mini wuta." Ta ajiye masa a kan benci ta juya abinta. Ya tsaya yana zagin banki, ya zagi Haji Misran, ya zagi wanda ya ƙirƙiro kati tun daga kakansa, sannan ya ɗauki takardar ya hau babur. Kafin mako ya ƙare duk gidaje goma sha ɗayan sun kawo nasu. Ashe babu wanda ya taɓa damuwa da gyaran nan sai shi.

Haji Misran kuwa na tare shi a kasuwa na ce, "Haji, kai wa ke zuba maka a ɓoye? Ko 'ya'yan naka ba su san lambar asusunka ba?"

Amma Ani, ki ji ni. Ba kunyar rumfar kofi ce ke cin ubanki ba. Abincin nan shi ne kaɗai abin da yake ganin yana biyan mahaifiyarki da shi. Me yake biya, ban sani ba, bai taɓa faɗa mini ba. Ina jin ke kin sani. Ba ya cin abinci sosai, wandonsa har ya fara zamewa.

In za ki rubuto masa, ki bar zancen lissafi.

Allah ya yi miki albarka.
Mak Su Tuminah

Singapore
12 ga Oktoba

Bapak,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Mak Su ta ce in bar zancen lissafi, to na bari. Amma akwai maganar da na haɗiye shekara da shekaru, yau sai ta fito, ko za ka tsine mini.

Ka ce na ƙwace maka wata ashirin. Ni wa zan kai wa ƙarar abin da aka ƙwace mini?

Mako guda kafin a rufe iyaka saboda annobar nan, na kira ka. Na ce na ji muryar Mak ba daidai ba, na ɗauki hutu, jakata a ɗaure take, bas ɗin safe zan hau. Ka ce, "Zauna kan aikinki, ɗan zazzaɓi ne, kada ki ɓata kuɗin mota." Na ce Bapak, ka tabbata? Ka daka mini tsawa ka ce kai ne mijinta ko ni. Na kwance jakar.

Aka rufe gadar iyaka. Kwana goma sha tara bayan nan Mak ta rasu. A waya na ga jana'izarta, a tsaye a bayan ɗakin magani, hoton yana yankewa. Ina wanke iyayen mutane kullum, ban wanke tawa uwar ba. Sannan kai, kai da ka ce kada in zo, ka rubuta mini cewa kuɗina ba sa wanke gawa.

Ban taɓa tuna maka ba, don na san ba ka san abin da zai faru ba. Amma ka bar ni ina ɗauke da laifin ni kaɗai, kana kallona kamar wadda ta zaɓi albashi a kan uwarta. Na ji haushinka, Bapak, har yanzu ina ji.

Ɗari da biyar ɗin nan ba kai nake ciyarwa ba. Duk Juma'ar farkon wata, in ƙarfe biyu ta yi, nakan duba agogo in ce yanzu an buɗe faranti, yanzu ana kiran sunan Mak, kuma akwai shinkafata a ciki. Shi ke nan abin da nake da shi. Matarka ce, na sani. Ni ma uwata ce.

In ka ga dama ka sayar da babur, ka rufe kati, ka rufe gidan ma. Ba zan sake rubutowa ba sai ka neme ni.

Na bar ka lafiya.
Suriani

Parit Sarpan
27 ga Oktoba

Ani,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kina lafiya.

Gyaran wannan watan ya shigo, na je banki da kaina na gani. Ringgit goma sha biyar, 'yan baƙin ciki, ko sen ba su ƙara ba. Mak Su ta ce zai sayi ganyen ayaba da sukarin shayi. Wannan nawa ne, kada ki taɓa.

Shinkafa da kaji ɗari da biyar ne. Ba na son su ta waya. Ki kawo su da hannunki ki ba Mak Su, ki zauna ki yanka mata albasa. Juma'ar farkon wata, bas ɗin safe yana isowa sha ɗaya, zan jira ki a tasha da babur.

Ni na ce kada ki zo. Ban manta ba ko kwana ɗaya.

Wannan karon na ce ki zo.

Bapak